Dutse mai taushi da ke ɗauke da ƙasarmu

Idan damina ta wuce, iskar hunturu ta fara busawa, tabkin bayan gari yakan fara ƙafewa. Ruwa ya janye, ya bar laka. Rana ta daki lakar, samanta ya bushe, ya yi tauri, ya tsattsage gida-gida. Ku da kuke kai dabbobi shan ruwa kun san irin wannan wuri. In yaro ya taka a hankali, busasshiyar lakar takan ɗauke shi. Amma yakan ji tana motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan ɓangare ya karkata, wancan ya ɗan nutse, wani kuma ya zame ya gogi maƙwabcinsa. Me ya sa? Domin a ƙarƙashin busasshiyar laka akwai ɗanyar laka mai taushi.

To, yara, ku riƙe wannan tabki a zuciyarku. Duniyar da muke zaune a kanta ta yi kama da shi. Ƙasar da muke takawa, muke nomawa, muke gina ɗakuna a kanta, tana da tauri. Amma can ƙasa da nisa akwai wata shimfiɗa ta dutse wadda ba ta da wannan tauri. A kanta ne gonaki da garuruwa da duwatsu da tekuna suke zaune. Ba wanda ya taɓa ganinta da ido. Duk da haka masana sun san zurfinta, sun san zafinta, sun kuma san aikin da take yi. A wannan darasi za mu ga yadda suka sani.

Cikin duniya kashi uku ne

Duniya dunƙulalliya ce. Daga inda kuke zaune zuwa tsakiyarta akwai wajen kilomita 6370. Da za a yanka ta biyu kamar mangwaro, da an ga kashi uku: ɓawo, da tsoka, da ƙwallo.

Ɓawon duniya shi ne na waje. A ƙarƙashin teku kaurinsa bai wuce kilomita 5 zuwa 10 ba. A ƙarƙashin tudu, inda mutane suke zaune, yakan kai kilomita 30 zuwa 50. A ƙarƙashin duwatsun Himalaya na Asiya ya kai har 70. Wannan kauri kamar yana da yawa. Amma in aka gwada shi da girman duniya, bai fi ɓawon mangwaro a jikin mangwaro ba.

Tsokar duniya tana bin ɓawo. Ita ce kashi mafi girma. Ta tafi har zurfin kilomita 2900. Dutse ce, ba ruwa ba. Dutsen nata ya fi na ɓawo nauyi, kuma launinsa yana da kore-kore.

Ƙwallon duniya shi ne na tsakiya. Mafi yawansa ƙarfe ne. Bayansa narkakke ne, yana gudana. Cikinsa kuwa daskararre ne.

Wani abu da ya kamata ku sani shi ne, iyakar zurfin da mutum ya yi, iyakar zafin da zai tarar. A cikin ɓawon duniya, kowane kilomita ɗaya yakan ƙara zafi wajen digiri 25 zuwa 30. A Afirka ta Kudu akwai ramin haƙar zinariya da ya kai zurfin kilomita 4. Dutsen da ke can yana da zafin wajen digiri 60. Sai an sanyaya wurin kafin ma'aikata su iya aiki.

Daga ina wannan zafi yake? Wani sashe nasa ragowar zafin da duniya take da shi ne tun farkonta, fiye da shekaru miliyan 4500 da suka wuce. Wani sashe kuma yana fitowa daga wasu ma'adinai da ke warwatse cikin duwatsu, suna fid da zafi kaɗan-kaɗan. Ɗaya daga cikinsu kun san sunansa: uraniyom, irin wanda aka samu a yankin Arlit.

Tauri a sama, taushi a ƙasa

Yanzu mu bar ƙwallo, mu dawo kusa da waje. Ɓawon duniya a manne yake da saman tsoka. Su biyun ba su da zafi sosai, saboda haka suna da tauri. In an matsa musu, sai su tsage ko su karye. Masana suka haɗa su, suka ba su suna ɗaya, litosfer. Mu za mu ce mata shimfiɗa mai tauri. Kaurinta a wurare da yawa wajen kilomita 100 ne, wato kusan tafiyar Maraɗi zuwa Tasawa. A ƙarƙashin tsofaffin ƙasashe, kamar wasu sassan Afirka ta Yamma, kaurinta ya wuce kilomita 200. A tsakiyar teku kuwa takan zama siririya ƙwarai.

A ƙarƙashinta ne shimfiɗa mai taushi take. Sunanta a bakin masana astenosfer. Kalmar daga harshen Girkanci take, ma'anar farkonta kuwa ita ce marar ƙarfi. Wani masanin duwatsu ɗan Amurka, mai suna Joseph Barrell, shi ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1914. A wurare da yawa tana farawa daga zurfin kilomita 80 ko 100, ta tafi har 200 ko fiye. Zafin dutse a samanta wajen digiri 1300 ne. Ku tuna, ruwa yana tafasa a digiri 100. Ranar bazara da ta fi kowace zafi a garinku ba ta kai digiri 50 a inuwa ba.

Ga abin mamaki: dutsen da ke ƙasan shimfiɗa mai tauri da wanda ke saman shimfiɗa mai taushi kusan iri ɗaya ne. Ba irin dutse ya raba su ba. Zafi ne ya raba su. A nan misalinmu na tabki ya ɗan bambanta. Ruwa ne yake sa lakar tabki taushi. Wannan dutse kuwa, zafi ne babban abin da yake sa shi taushi.

Yaya dutse zai yi taushi?

Wasu mutane suna zaton ƙasa tana yawo ne a kan wani teku na wuta. Wannan kuskure ne. Shimfiɗa mai taushi ba narkakkiya ba ce. Kusan dukanta daskararren dutse ne. A inda aka sami narke a cikinta, ɗan kaɗan ne, yana maƙale a tsakanin ƙwayoyin dutsen kamar danshi cikin rairayi.

In kuna so ku gane, ku je maƙera. Ku dubi maƙeri sa'ad da zai ƙera hauya. Ƙarfe mai sanyi ba ya jin magana. Sai maƙeri ya tura shi cikin gawayi, yaronsa ya yi ta zuga. In ƙarfen ya yi ja, sai ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya daka da masaba. Ƙarfen ya lanƙwashe, ya baje, ya ɗauki siffar da ake so. Ya narke ne? A'a. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1500, maƙeri kuwa yana sarrafa shi tun zafinsa bai kai haka ba. Abu yakan yi taushi idan ya kusa narkewa, tun bai narke ba. Haka dutsen shimfiɗa mai taushi yake.

Watakila wani zai ce: “Malam, tun da zafi yana ƙaruwa in an yi ƙasa, me ya hana dutsen narkewa duka?” Tambaya ce mai kyau. Abin da ya hana shi ne nauyi. Dutsen da ke zurfin kilomita 100 yana ɗauke da dukan dutsen da ke bisansa. Wannan nauyi yana matse ƙwayoyinsa, ba ya barin su saki juna. Dutsen da zai fara narkewa a digiri 1100 ko 1200 a sararin ƙasa, a can ƙasa sai ya bukaci zafi fiye da haka.

Ke nan zafi da nauyi kamar ƴan kokowa biyu ne a cikin fili. Zafi yana so ya saki dutse. Nauyi yana so ya matse shi. Kusa da waje zafi bai yi ƙarfi ba, saboda haka dutse yana da tauri. A zurfin kilomita 100 zuwa 200 zafi ya kusa kada abokin karawarsa, amma bai kada shi ba. Nan ne dutse ya fi taushi. In aka ƙara yin ƙasa, nauyi yakan sake samun ƙarfi, dutse ya ƙara ƙwari. Shi ya sa shimfiɗa mai taushi take a tsakani, da mai tauri a bisanta, da mai ƙwari a ƙarƙashinta. Akwai kuma ɗan ruwa kaɗan da ke ɓoye cikin ƙwayoyin dutsen, shi ma yana taimakon zafi.

Saura abu ɗaya, shi ne lokaci. Ku tuna da alewa. In kun ƙwala mata dutse, sai ta farfashe. In kun ja ta sannu a hankali, sai ta miƙe, ta yi tsawo. Alewar ɗaya ce, yadda aka taɓa ta ne ya bambanta. Dutsen shimfiɗa mai taushi ma haka ne. Da za a buga masa guduma, da ya yi ƙara kamar kowane dutse. Amma in nauyi ya danne shi shekaru dubu bisa dubu, sai ya matsa, ya ba da hanya. Tafiyarsa ba ta wuce ƴan santimita a shekara. Taushinsa ba irin na tuwo ba ne. Taushi ne da ba ya bayyana sai an daɗe.

Shaidu uku

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, a nan gani ya faskara. Ramin da ya fi kowane zurfi da mutane suka haƙa yana Kola, a arewacin Rasha. An fara shi a 1970. A 1989 ya kai kilomita 12 da mita 262. Zafi a gindinsa ya kai digiri 180, aikin ya gagara ci gaba. Ko ɓawon duniya bai huda ba, balle ya kai shimfiɗa mai taushi. Saboda haka masana suka nemi shaidu. Ga uku daga cikinsu.

Shaida ta fari ita ce girgizar ƙasa. Kun taɓa ganin mace tana sayen tukunyar ƙasa a kasuwa? Takan ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta saurara. Daga amon za ta san ko tukunyar lafiyayya ce ko tana da tsaga. Girgizar ƙasa ita ce ƙwanƙwasar duniya. In ƙasa ta girgiza a wani wuri, motsin yakan ratsa cikin duniya ta kowace fuska, kamar yadda ruwa yake yin zobe-zobe in an jefa tsakuwa. Akwai na'urori a ƙasashe da yawa da suke rubuta lokacin da motsin ya iso gare su. Da wannan ake lissafa saurinsa. A saman tsokar duniya, motsin da ya fi sauri yakan ci wajen kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya.

A 1926 wani Bajamushe mai suna Beno Gutenberg ya lura da wani abu. Motsin da ya bi ta zurfin kilomita 100 zuwa 200 yakan makara. Wato akwai wani wuri da yake rage masa gudu, kamar yadda rairayi yake rage wa keke gudu. Masana da yawa ba su gamsu ba a lokacin. Ranar 22 ga watan Mayu na 1960 aka yi girgizar ƙasa a ƙasar Cile, a Amurka ta Kudu. Ita ce mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa. Duniya duka ta yi ta kaɗawa kwana da kwanaki. Abin da na'urori suka rubuta ya ƙarfafa maganar Gutenberg.

Girgizar ƙasa ta kuma nuna cewa shimfiɗar ba ruwa ba ce. Motsin iri biyu ne. Ɗaya yana ratsa dutse da ruwa duka. Ɗayan dutse kaɗai yake ratsawa, in ya tarar da narkakken abu sai ya tsaya. Wannan na biyun yana ratsa shimfiɗa mai taushi, sai dai gudunsa ya ragu. A bayan ƙwallon duniya ne yake tsayawa. Ta haka aka san wanne ne daskararre, wanne ne narkakke.

Shaida ta biyu ita ce ƙasar da take tashi. Ku dubi kwalekwale a kogin Kwara a Yamai. In an loda masa buhuna, yakan nutse cikin ruwa. In an sauke, sai ya taso. Wajen shekaru 20 000 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe arewacin Turai. Kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Nauyinta ya danna shimfiɗa mai tauri, dutse mai taushi da ke ƙasa ya matsa gefe. Wajen shekaru 10 000 da suka wuce ƙanƙarar ta narke. Kwalekwale nan take yake tasowa, domin ruwa yana da saurin komawa. Wannan ƙasa kuwa har yau ba ta gama tasowa ba, domin dutse a hankali yake komawa. A bakin tekun da ke tsakanin Suwidin da Finlan, ƙasa tana tashi kusan santimita 1 kowace shekara, wato kusan mita 1 a shekara 100. A 1731 Anders Celsius, wanda ma'aunin zafi yake ɗauke da sunansa, ya sa aka yi alamar iyakar ruwa a jikin wani dutse na bakin tekun. Shi ya zaci ruwa ne yake raguwa. Daga baya aka gane ƙasa ce take tashi. Daga saurin wannan tashi masana suke lissafa taushin dutsen da ke ƙasa.

Shaida ta uku ita ce duwatsu masu aman wuta. Wani lokaci narkakken dutsen da yake fitowa yakan ɗauko guntayen koren dutse daga tsokar duniya. Masana sukan kai irin wannan dutse ɗakin gwaji, su sa shi cikin na'ura mai zafi da matsi. Sun ga in zafi ya yi yawa, dutsen ba ya karyewa. Lanƙwashewa yake yi a hankali, kamar ƙarfen maƙeri.

Shaidu uku, kowanne da hanyarsa, amma bakinsu ya zo ɗaya.

Alluna masu tafiya

Shimfiɗa mai tauri ba guda ɗaya ba ce. Ta tsattsage kamar lakar tabki. Kowane ɓangare muna ce masa allo. Manyan allunan bakwai ne: na Afirka, na Turai da Asiya, na Amurka ta Arewa, na Amurka ta Kudu, na tekun Pasifik, na Indiya da Ostiraliya, da na Antarktika. Akwai kuma ƙanana da yawa. Duka suna tafiya.

Ku ɗauki taswirar duniya. Ku dubi gabar Afirka ta yamma, ku dubi gabar Amurka ta Kudu ta gabas. Kamar sakaina biyu ne na ƙwarya ɗaya. A 1912 wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce da can a haɗe suke. Ya nuna cewa an tono ƙasusuwan wata ƙaramar dabba mai rarrafe iri ɗaya a Barazil da kudancin Afirka, alhali ba za ta iya ƙetare teku ba. Masana da yawa suka ƙi yarda. Suka ce: “Ta yaya ƙasa sukutum za ta yi tafiya cikin dutse mai tauri?” Wegener ya rasu a 1930 ba a karɓi maganarsa ba. Sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙarƙashin teku, aka tabbatar ƙasashe suna tafiya. Amsar tambayar kuwa ita ce: ba cikin dutse mai tauri suke kutsawa ba. Allon duka ne yake zamewa a kan shimfiɗa mai taushi.

Yau ana auna tafiyar alluna da taurarin ɗan Adam. Afirka da Amurka ta Kudu suna nisantar juna da wajen santimita 3 a shekara. Kusan haka farcenku yake tsiro. Allon Pasifik ya fi sauri, yakan ci santimita 7 zuwa 10. Kada ku raina santimita 3. A shekara miliyan 1 ya zama kilomita 30. A shekara miliyan 100 ya zama kilomita 3000. Faɗin tekun Atlantika tsakanin Afirka ta Yamma da Barazil, inda ya fi ƙunci, ya kusa haka. Sannu ba ta hana zuwa.

Me yake jan alluna? A tsakiyar teku, inda alluna biyu suke rabuwa, dutse mai zafi yana tasowa daga ƙasa. Da ya taso sai nauyin da ke bisansa ya ragu, wani sashe nasa ya narke, ya cika tsagar, ya huce, ya zama sabon ɓawo. Mafi yawan narkakken dutsen da duniya take fitarwa ta nan yake fitowa. Allo yana nisantar wurin, yana ƙara sanyi, yana ƙara kauri da nauyi. Bayan miliyoyin shekaru, a wasu wurare bakinsa yakan lanƙwashe, ya nutse cikin tsokar duniya. Kun san abin da yake faruwa in guga ya suɓuce cikin rijiya: yana faɗawa yana jan sauran igiyar da ke bakin rijiya. Haka bakin allo da ya nutse yake jan sauran allon. Masana suna ganin wannan ja shi ne mafi ƙarfi a cikin abubuwan da suke motsa alluna. Aikin shimfiɗa mai taushi kuwa kamar aikin mai ne a ƙafar amalanke. Mai ba shi yake jan amalanke ba, amma in babu shi ƙafa takan cije.

Mu da muke tsakiyar allo

Shimfiɗa mai taushi takan matsa ba tare da ƙara ba. Mai tauri ce take karyewa. A inda alluna biyu suka haɗu, bakunansu sukan cije. Matsi ya yi ta taruwa shekara da shekaru. Ran da dutse ya kasa jurewa, sai ya ɓalle gaba ɗaya. Wannan ɓallewa ita ce girgizar ƙasa.

Allon Afirka yana matsawa arewa, yana tura allon Turai da Asiya da ƴan milimita a shekara. Wannan turi ne ya tayar da duwatsun Atlas na Maroko. A daren 8 ga watan Satumba na 2023 ƙasa ta girgiza a can, kusa da birnin Marrakesh. Kusan mutum 3000 suka rasu, yawancinsu a ƙauyuka, inda ɗakunan ƙasa da na dutse suka rushe. A gabashin Afirka kuma allon yana tsagewa ne. A watan Satumba na 2005, a yankin Afar na ƙasar Habasha, narkakken dutse ya kutso daga ƙasa, ya buɗe tsaga mai tsawon kilomita 60. A wasu wurare faɗinta ya kai mita 8.

Ƙasarmu Nijar tana tsakiyar allon Afirka, nesa da bakunansa. Shi ya sa ba mu saba da babbar girgizar ƙasa ba. Wanda ya tsaya a tsakiyar busasshiyar laka ya fi wanda ya tsaya a bakin tsaga kwanciyar hankali. Amma mu ma muna cikin tafiyar, da gonakinmu da rijiyoyinmu. Akwai ma alamar abin da ke ƙasa a cikin ƙasarmu. A kudancin duwatsun Azbin, arewa da Agadas, akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da yin shiru. Baƙin dutsen da suka bari daga tsokar duniya ya taso. Haka Tibesti a Cadi. Dutsen Kamaru kuwa bai yi barci ba: ya yi amai a 1999, ya sake a 2000.

Sanin wannan yana da amfani. Ba wanda ya iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Amma an san wuraren da suka fi hatsari, domin an san inda bakunan alluna suke. Mutanen waɗannan wurare in sun yi gini mai ƙwari, rayuka da yawa sukan tsira.

In kun koma bakin tabki da rani, ku taka busasshiyar laka a hankali, ku ji yadda take motsi. Sa'an nan ku tuna, ƙasar da kuka dawo kuka tsaya a kanta ita ma a kan abu mai taushi take.

Mu gwada

1. Ku sami kyandir biyu. Ku karya ɗaya da sauri. Ɗayan ku gicciya shi bisa duwatsu biyu a wuri mai ɗumi, ku rataya ƙaramin dutse a tsakiyarsa. Ku duba shi kowace safiya har kwana bakwai. Me kuka gani?
2. Ku ɗora ƙwarya a kan ruwa cikin babban kwano. Ku yi alamar iyakar ruwa a jikinta. Ku zuba tsakuwa a ciki, ku sake yin alama. Ku kwashe tsakuwar. Wace shaida ce wannan ya tuna muku?

Abin riƙewa

Shimfiɗa mai tauri ta rabu alluna-alluna. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗa mai taushi, daga zurfin wajen kilomita 100. Dutse ce mai zafin wajen digiri 1300. Ba narkakkiya ba ce, amma tana matsawa a hankali. A kanta alluna suke zamewa.

Tambayoyi

1. Ku faɗi kashi uku na cikin duniya.
2. Me ya raba shimfiɗa mai tauri da mai taushi?
3. Me ya hana dutsen shimfiɗa mai taushi narkewa duka?
4. Ta yaya aka san shimfiɗar ba ruwa ba ce?
5. Don me ƙasar Suwidin take tashi har yau?
6. In Afirka da Amurka ta Kudu suna nisantar juna da santimita 3 a shekara, santimita nawa suka ƙara tun ran da aka haife ku?